Siga ta Takwas da Takardun da Na Ƙona

Shekara da shekaru, in wani abu ya samu kwamfutar makarantarmu, magana ɗaya ke fitowa daga bakin mahaifina: "Ku kira mini shi." Ba ya faɗin suna, kowa ya san ni ne. Ko ina layin mai koko, ko na kai bakin titi ina jiran trotro, motar hayar da ke zuwa Tafo, sai an bi ni an dawo da ni. Nakan taho ina ƙunƙuni, ina cewa mutum ba shi da hutu a gidan nan. Ƙarya nake yi. Babu abin da ke yi mini daɗi a duniya kamar wannan kiran.

Dalili kuwa, gidanmu gidan malamai ne. Baba na da makarantar Arabiyya a cikin Zongo, wadda ya gada daga nasa mahaifin. Yayyena duk sun bi sahu, wannan na jan baƙi, wancan na koyar da nahawu. Ni kaɗai na fanɗare na tafi karatun kwamfuta. In an zauna bayan la'asar ana warware wata mas'ala, ba ni da abin cewa sai gyaɗa kai. Wuri ɗaya ne Baba ke juyowa ya dube ni kamar mai sani, shi ne ƙaramin ofishin makaranta, gaban wannan kwamfuta.

Ni na rubuta manhajar da ke buga takardun sakamakon ɗalibai. Rabin takardar Turanci, rabi Larabci, da Bisimilla a sama, don Baba ya ce ba zai miƙa wa kowa takardar da ba ta fara da sunan Allah ba. Na gina ta ne da kayan aikin da masu sana'armu ke kira SDK, wato tarin kayan da ake haɗa manhaja da su a kuma tashe ta. Kayan nan suna fitowa siga bayan siga, kowace da lambarta. Tawa a kan siga ta takwas na gina ta, kuma a nan ta tsaya cak. Akwai wani tsohon ɓangare a cikinta mai haɗa haruffan Larabci ya jera su daga dama, wanda ba ya aiki a kan sababbin sigogi. Bai ma da kirkin da zai yi ƙorafi. Tsallakewa kawai yake yi, haruffa su fito a warwatse.

Matsalar ta zo ne da na samu aikin wani mai sayar da kayan mota a unguwar Suame, wanda ke son manhajar da za ta nuna masa abin da ke cikin shagonsa. Wannan aikin siga ta sha bakwai yake bukata. Kwamfutar ofis ita ce mai ƙarfi, ita ce kuma ke da batirin da ke riƙe ta in an ɗauke wuta, saboda haka a kanta nake yin duka biyun. In zan yi aikin Suame, sai in cire ta takwas gaba ɗaya, in saka ta sha bakwai, in shiga can cikin saituna in gyara hanyoyin da kwamfuta ke bi ta same ta. In makaranta na bukatar bugu, sai in warware duk abin da na ɗaura. Rabin yini yake ci. Ina da wani littafi mai jan bango da na rubuta matakan a ciki, ɗaya bayan ɗaya, har goma sha huɗu. Ina alfahari da littafin nan. Wahalar ma ina alfahari da ita, domin wahalar ce ke nuna wa mutanen gida cewa aikin ba na kowa ba ne.

Sai taubashiyata ta dawo daga Akra.

'Yar ƙanwar Baba ce, na girme ta da shekara shida. Tsakanin taubasai kuwa an san yadda ake, baki a sake yake, ta zage ni a gaban kowa a yi dariya, ba ni da ikon yin fushi. Ni na fara ɗora hannunta a kan madannan kwamfuta. Ni na koya mata rubuta layinta na farko, a wannan ofis ɗin, tana kuka don ta manta saka alamar rufe baka a ƙarshen layin. In tana son wani abu ta ce mini Yaya, in tsokana take ji ta ce Malam. Ta gama jami'a, ta yi shekarar hidimar ƙasa a wani kamfani a can, ta dawo da gilashi a fuska da saurin magana. Muka shirya za mu riƙa karɓar aiki tare.

Ranar da ta fara ganina da jan littafin, ta tsaya a kaina har na kai mataki na shida.

"Malam, me kake yi haka?"

"Canza siga nake yi. Zauna ki koya."

"Chale, haba Yaya, duk wannan? Matsa ka gani."

Na matsa, ina jiran ta kunyata. Ta buɗe baƙar tagar nan da ake rubuta wa kwamfuta umarni kai tsaye, ta saka wani ɗan kayan aiki, ta sauke ta takwas da ta sha bakwai duka, suka zauna gefe da gefe ba mai taka wata. Ta rubuta layi guda, ta ce mu duba. Ta takwas ce. Ta sake rubuta wani layin, ta sha bakwai ce. Ko ruwan da na zuba a kofi ban kai ga sha ba.

"Ka gani? Kai kullum allo ɗaya kake wankewa kana sake rubutu. Ni na rataye alluna a bango, wanda nake so na sauko da shi. In na rufe tagar nan, komai ya koma ta takwas, makaranta ba ta san an yi ba sam, kraa."

Na ce mata gajeriyar hanya ba ta koya wa mutum komai. Na ce wanda bai san abin da ke faruwa a ƙarƙashi ba, ranar da abin ya ƙi, zai tsaya yana kallo. Na faɗi maganganu masu nauyi sosai, irin na babban yaya. Ta ce to, Malam, ta ja kujerarta. An ce kishi kumallon mata ne. Wanda ya faɗi haka bai leƙa cikina a ranar ba.

Ba saurinta kaɗai ya ƙona ni ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ta mayar da shekaruna na wahala abin dariya ba tare da ta yi niyya ba. Matakai goma sha huɗun da nake ɗauka ilimi ne, ashe rashin sani ne na rubuta da kyakkyawan hannu. Na ci gaba da amfani da littafina a kan tsohuwar kwamfutata ta hannu, wadda ke nishi kamar tsohuwar trotro a hawan tudu, na bar mata ta ofis. Ina gefe ina kallon yatsunta ta wutsiyar ido. In ta yi dariya da wani a waya, sai in ɗauka da ni ake. Ko abinci ta sayo mini, sai in ga kamar tausayina take ji.

Wata Talata, ina zaune a tsakar makaranta ina gyara igiyar lasifika, sai na ji muryar Baba daga ofis. Yana son a sake buga takardar wani ɗalibi da ta jiƙe.

"Ku kira mini ita."

Ina zaune, taku biyar tsakanina da ƙofar. Ya gan ni lokacin da ya shiga. Na ci gaba da murɗa waya kamar ban ji ba, har na yanke yatsa. Ta zo ta wuce ni da sallama, ba a yi minti biyu ba na ji firinta na aiki, na ji Baba na cewa Allah ya yi miki albarka. Wannan addu'ar tawa ce. Shekaru ina karɓar ta a wannan ɗakin.

Abin da ya kamata in yi a fili yake. In ce mata, koya mini. Matambayi ba ya ɓata, tun muna yara ake faɗa mana. Amma a gidanmu wanda ya koya maka harafi ɗaya malaminka ne har ka mutu, kuma ni ne malaminta. Ga shi kuma taubashiya ce. Na san in na buɗe baki na tambaye ta, za ta riƙa ba da labarin a kowane suna da kowane biki har jikokinmu su haddace. Sai na zaɓi sata. Na fara leƙen abin da take rubutawa, ina kwafewa a shafin ƙarshe na jan littafin. Kalmomi biyu na kama. Wani lokaci tana rubuta use, sai dogon sunan sigar. Sau ɗaya kuma, tun ranar farko, na ga ta rubuta default. A raina na ce duk ɗaya ne, sai dai ta biyun ta fi kama da ta manya. Dogon sunan ta sha bakwai na samu na kwafe shi daidai, da ɗigo-ɗigonsa da wutsiyarsa. Na ta takwas ban damu da shi ba, tunda ta ce in an rufe taga komai na komawa da kansa.

Ranar Alhamis ba karatu, ita kuma ta raka mahaifiyarta unguwar Atonsu gaisuwa. Na shiga ofis da hantsi, na turo ƙofa. Na buɗe baƙar taga, na rubuta default da sunan ta sha bakwai. Nan take ta karɓa. Wallahi sai da na tashi tsaye. Na haɗa aikin Suame a cikin 'yan mintuna, abin da ke cin mini rabin yini. Na yi ta zagaya ɗakin ina magana ni kaɗai, ina cewa ashe wannan ne abin da ake yi mana yanga da shi. Na rufe taga, na kashe kwamfuta, na fita na sayi waakye, shinkafa da wake, har da ƙwai biyu don murna. Ban san cewa use aron ɗan lokaci ba ne, a tagar da ka buɗe kawai, shi kuwa default canza wa kwamfutar gaba ɗaya ne, har sai wani ya sake canzawa.

Asabar ce ranar raba sakamako. Al'adar Baba ita ce ba a bugawa sai da safiyar ranar, saboda jarrabawar hadda shi da kansa yake yin ta, kuma ba ya ba da makin sai bayan sallar asuba. Shi ne kuma ke miƙa wa kowane ɗalibi takardarsa hannu da hannu, a gaban iyaye, da addu'a. Tun ƙarfe takwas an jera benci a tsakar makaranta, iyaye mata sun cika gefe guda da mayafai kala-kala. Na riga taubashiyata zuwa da gangan. Na ce wa Baba ya kawo makin, yau ni zan buga. Ya miƙo mini.

Na shigar da maki, na danna bugu, na fita gaishe da iyaye, ina tafiya a hankali don a gan ni. Firinta na ta aikinta a bayana. Da na dawo, ta tara takardu sun fi sittin, Baba kuma na tsaye da ɗaya a hannu, ya ɗaga gilashinsa sama yana dubawa.

Turancin lafiya lau. Larabcin ne ya tarwatse. Kowane harafi ya tsaya shi kaɗai, ba mai riƙe da ɗan'uwansa, kuma sun jeru daga hagu. Bisimillar da ke sama ta fito a juye, a wargaje, sau sittin da wani abu. Baba bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Inna lillahi," a hankali, ya tattara takardun da hannu biyu ya ɗora su a kan kabad, sama da kan kowa.

Kallo ɗaya na san ta sha bakwai ce ke aiki. Na faɗa kan kujera, na buɗe baƙar taga, na rubuta default da lamba takwas. Ta ce ba ta san wannan ba. Na sake, na ƙara sifili, na ƙara ɗigo. Ta ƙi. Cikakken sunan take so, wanda ban kwafa ba. Na jawo jan littafin, na tuna matakan ciki rabin yini suke ci, ga shi kuma an canza tsarin kwamfutar, ban ma san ko za su yi aiki ba. A waje an fara gwada lasifika. Duk maganar da na faɗa mata, ta wanda zai tsaya yana kallo ranar da abin ya ƙi, ta dawo ta zauna a kaina.

Baba ya leƙa ƙofa ya ce, "Ku kira mini ita."

Ta shigo da saurinta, mayafi na zamewa. Ta dubi takarda ɗaya, ta sunkuya ta gefena ta rubuta list. Sigogin suka jeru, da alama a gaban wadda ke mulki. Ta yi ta danna maɓallin sama, abin da aka rubuta a baya ya fito, har da nawa na ranar Alhamis. Na manta kwamfuta na tuna abin da aka gaya mata. Ta gani. Ta dube ni na ɗan lokaci kaɗan, na shirya jin tsokanar da za ta bi ni har kabari.

Sai ta juya wajen Baba ta ce, "Kawu, ka yi haƙuri, laifina ne. Akwai ɗan fayil da ake ajiyewa a cikin aiki, mai gaya wa kwamfuta sigar da aikin ke so. Ban saka wa na makaranta ba. Yanzu zan gyara."

Layi ɗaya ta rubuta. Ta buga takarda guda ta miƙa masa, ya karanta Bisimilla a fili, ya ce alhamdulillahi. Firinta ta ci gaba.

Ya kamata in ji godiya. Abin da na ji shi ne wani sabon kishi, wanda ya fi na farko ɗaci. Ta fi ni iya aiki, na fara haƙura da wannan. Yanzu kuma ta fi ni hali, a gaban mahaifina, kuma ba ni da bakin cewa komai, don in na yi magana na tona kaina. Na zauna a taron ina tafi lokacin da ake tafi, ban ji sunan ɗalibi ko ɗaya ba.

Takardar da ke ɗauke da sunan Allah ba a jefa ta a shara a gidanmu, ko da a juye aka rubuta. Ƙonawa ake yi a wuri mai tsarki, a binne tokar. Bayan azahar, da mutane suka watse, Baba ya sauko da takardun daga kan kabad ya miƙo mini, tare da ashana. Muka zagaya bayan makaranta, gindin mangwaro. Na haƙa ɗan rami, na fara saka su ɗaya bayan ɗaya. Ya zauna a kan bulo yana jan carbi.

Sai da na ƙona kusan rabi ya yi magana.

"Yarinyar nan tun tana ƙarama, in ta fasa kwano, sai an yi shari'a da ita har magariba kafin ta amsa. Yau ko tambayarta ban yi ba ta ce laifinta ne."

Ban ɗago ba. Hayaƙi na shiga mini ido, na bar shi ya zama dalili.

"Ni ban san kwamfuta ba," ya ce. "Amma na san ɗalibin da ke leƙen allon na kusa da shi maimakon ya zo gabana ya biya. Shekara arba'in ina ganinsu. Ba su ne marasa ƙwaƙwalwa ba. Su ne waɗanda ke jin sun wuce a gan su suna tambaya."

Na ce, "Baba, ni na koya mata."

"To? Ka koya mata don ta tsaya inda ka tsaya?"

Ya jira na ƙona ta ƙarshe, na mayar da ƙasa, ya yi addu'a muka shafa, ya tashi ya tafi abinsa.

Kwana uku na yi ina kewaye-kewaye. Ranar Laraba na ɗauki jan littafin na same ta a ofis, na tsaya a bakin ƙofa na yi sallama kamar baƙo. Na ce ina son ta nuna mini bambancin kalmomin nan biyu. Ta cire gilashi ta goge shi a hankali, tana jin daɗin kowace daƙiƙa.

"Saa? Da gaske? Malam da kansa? To ai ɗalibi ba ya zama a kujerar malami. Ga kujera can."

Ƙaramar kujerar 'yan aji ɗaya ta nuna mini. Na zauna, gwiwoyina kusa da haɓata. Ta koya mini use da default da list, da yadda ake ajiye ɗan fayil ɗin nan a cikin kowane aiki don kwamfuta ta san sigar da za ta ɗauko. Duka bai cika shafi ɗaya ba. Ta sa na biya mata sau uku da baki, kamar hadda. Maganar ranar Alhamis kuwa ba ta taɓa ɗaga ta ba, ko a suna ko a biki, har yau. Wannan shirun nata ya fi kowace tsokana nauyi, kuma ina jin ta sani.

Ba zan ce kishin ya tafi ba. Yana nan, ya dai rage ƙara. In na ga yatsunta na gudu a kan madannai, har yanzu wani abu na motsi a ƙirjina, sai in yi a'uziyya in ci gaba da nawa.

Ƙarshen zango na gaba, da safiyar raba sakamako, ina tsakar makaranta ina jera benci, kunnena na ofis. Baba ya fito da takardar maki a hannu. Ya dube ni, na dube shi. Ya juya ya ce, "Ku kira mini ita."

Tana can ɗakin malamai mata tana shan koko. Ko tashi ba ta yi ba. Ta ɗaga murya yadda duk iyayen da suka riga zuwa za su ji.

"Kawu, ɗalibina na nan kusa da kai, ba shi. Ya iya yanzu, ni na koya masa."

Aka kwashe da dariya. Baba ya miƙo mini takardar, yana danne murmushi. Na karɓa da hannu biyu, na shiga ofis, na buɗe baƙar taga. Kafin in taɓa komai sai da na rubuta list, na ga alamar na kan ta takwas. Na buga takarda ɗaya tak, na fito da ita na kai masa, na tsaya a gabansa har ya gama karanta Bisimilla.